1973: Shekarar da Tsadar Mai Ta Kai Har Tukunya

Ranar Lahadi, 4 ga Nuwamba 1973, manyan titunan ƙasar Holan sun wayi gari tsit. Gwamnati ta hana fita da mota. Yara suka hau kekuna suna tsere a kan kwaltar da jiya-jiya babu mai iya tsallaka ta, wasu suka fito bisa dawakai, wasu ma suka shimfiɗa mayafi a tsakiyar titi suna cin abinci. A Amurka kuwa layin mai ne ya miƙe, har wasu jihohi suka tsara shan mai da lambar mota: mai lamba mara yau, mai cika gobe.

Waɗannan hotuna ne duniya ta riƙe. Amma mafi munin ɓarnar da tsadar man ta yi, a gonaki da kasuwannin hatsi na ƙasashe matalauta ta auku, inda masu ɗaukar hoto ba su cika zuwa ba.

Abin ya faro ne ranar 6 ga Oktoba, cikin watan azumi, sa'ad da sojojin Masar suka tsallaka mashigin Suwez, na Siriya kuma suka afka wa tuddan Golan, don ƙwato yankunan da Isra'ila ta mamaye a 1967. Amurka ta shiga jigilar makamai ta sama zuwa Isra'ila. Ranar 16 ga wata, ministocin mai na ƙasashen yankin Gulf suka zauna a Kuwait, suka ɗaga farashin ganga daga dala 3.01 zuwa 5.12, ba tare da neman yardar kamfanonin Turawa ba, waɗanda a da su ke yanka farashi. Washegari ƙasashen Larabawa suka yanke shawarar rage haƙo mai da kashi 5 cikin 100 kowane wata. Da Shugaba Nixon ya nemi majalisa ta ba Isra'ila tallafin dala biliyan 2.2, Sarki Faisal na Saudiyya, wanda ya daɗe yana gargaɗi ana yi masa kunnen uwar shegu, ya rufe wa Amurka famfo gaba ɗaya. Holan ma takunkumin ya hau kanta.

A watan Disamba ƙungiyar ƙasashe masu fitar da mai, OPEC, ta zauna a Tehran, inda Sarkin Iran, Muhammad Reza Pahlavi, ya matsa har aka kai ganga dala 11.65. Cikin wata uku farashi ya kusa ninkawa huɗu. An janye wa Amurka takunkumin a watan Maris 1974, amma farashin bai sauko ba.

To me ya haɗa gangar mai da buhun shinkafa? Takin zamani. Yuriya da danginta daga iskar gas ake sarrafa su, a wancan lokaci kuma masana'antu da yawa, musamman a Asiya, da wani ruwan mai da ake tacewa daga ɗanyen mai suke aiki. Injin ban-ruwa da man dizal yake tashi, haka tarakta, haka jirgin ruwan da zai ɗauko alkama daga Amurka, haka motar da za ta kai ta ƙauye. Ga shi kuma ana kukan targaɗe sai ga karaya, domin tun 1972 damina ta yi gardama a sassa da dama na duniya, Tarayyar Sobiyet ta saye hatsin Amurka mai ɗimbin yawa a ɓoye, rumbunan duniya suka kusa zama wayam. Farashin alkama ya riga ya ninka kafin a harba harsashi ko ɗaya a Sinai. Da mai ya tashi, taki ya bi shi ninki-ba-ninki.

Manomin Punjab na Indiya ya ji abin a jikinsa. 'Yan shekaru kafin nan aka kawo masa sabon irin alkama mai gajeren kara, wanda ya ba da yabanyar da ba a taɓa gani ba. Sai dai irin nan ba ya yi sai da taki da ruwa. Manomin da ya rungumi sabon noma ya koma yana bin layi da jarka don samun man injin rijiyarsa, buhun taki kuma ya gagare shi. A Bangaladash, ambaliya ta haɗu da tsadar shinkafa da ƙarancin kuɗin shigo da abinci, aka yi yunwar 1974 wadda ta ci rayuka masu yawan gaske. A daidai wannan lokaci Amurka ta jinkirta agajin abincinta saboda ƙasar ta sayar wa Kuba buhunan rama. Abin kunya ne da bai kamata tarihi ya manta da shi ba.

Habasha ce ta nuna yadda litar fetur kan girgiza gadon sarauta. Yunwa ta riga ta yi kaca-kaca da lardin Wollo, fada kuma tana rufa-rufa. A watan Fabrairu 1974 gwamnati ta ƙara kuɗin fetur da kashi 50 cikin 100, ta kuma hana direbobin tasi ƙara kuɗin mota. Direbobin Addis Ababa suka ajiye aiki, malaman makaranta da ɗalibai suka fito, sojoji suka yi bore, Firaminista Aklilu Habte-Wold ya sauka kafin watan ya ƙare. A daren 11 ga Satumba aka haska wa jama'a a talabijin hotunan yaran Wollo da ɗan jaridar Ingila Jonathan Dimbleby ya ɗauka, aka cuɗanya su da hotunan shagulgulan fada. Da gari ya waye sojoji suka fito da Sarki Haile Selassie, suka sa shi a kujerar baya ta wata ƙaramar Volkswagen, suka tafi da shi.

A Nijar, inda fari ya shekara da shekaru yana karkashe dabbobi, tsadar mai ta ƙara wa jigilar hatsin agaji wahala, tun daga tashoshin ruwa na bakin teku har zuwa Agadas. Zargin karkatar da agajin na cikin dalilan da Laftanar-Kanar Seyni Kountché ya bayar da ya kifar da Shugaba Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974.

Nijeriya kuwa, wadda ta shiga OPEC a 1971, kakarta ce ta yanke saƙa. Kuɗi ya kwararo, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin Udoji, jiragen siminti suka cika tashar Legas. Amma matasa suka bar gona suka nufi birni, fari da cutar gyaɗa ta 1975 suka ƙarasa dalar gyaɗar Kano, ƙasar ta koma sayen shinkafa da alkama daga waje. Kafin 1976 ta fita, gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, tana roƙon mutane su koma noma.

A fagen duniya kuwa, taruka biyu aka yi a watan Nuwamba 1974. A Paris, ƙasashe masu arzikin masana'antu suka kafa Hukumar Makamashi ta Duniya, suka ɗaure kansu da ajiye man ko-ta-kwana, wanda daga baya aka tsayar a kan na kwana 90. Sun kuma cika alkawari: Amurka ta kafa rumbun manta a kogunan gishiri na ƙarƙashin ƙasa, Faransa, wadda ba ta shiga hukumar ba a lokacin, ta duƙufa gina tashoshin nukiliya, aka buɗe rijiyoyin Alaska da na Tekun Arewa. A Rum kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira taron abinci, inda sakataren harkokin wajen Amurka, Henry Kissinger, ya yi alkawarin cewa nan da shekara goma babu yaron da zai kwana da yunwa. Daga taron aka samu asusun IFAD na tallafa wa ƙananan manoma, wanda ƙasashen OPEC suka zuba wa kuɗi mai tsoka.

Babbar shawarar taron na Rum ita ce a yi wa hatsi irin tanadin da aka yi wa mai, wato rumbun duniya na bai-ɗaya. Aka shekara huɗu ana ja-in-ja kan wanda zai biya kuɗin ajiya da farashin da za a riƙa fitar da hatsin. A watan Fabrairu 1979 tattaunawar ta watse a Geneva ba tare da an cimma matsaya ba. A cikin wannan watan ne Ayatullahi Khomeini ya sauka a Tehran, man Iran ya riga ya tsaya cak saboda juyin juya hali, kafin shekara ta zagayo kuma farashin ganga ya sake ninkawa.