Titin Covadonga: daga kogon Pelayo zuwa tseren keke

1/ Jama'a, ga wani zare. Duk mai kallon Vuelta, babban tseren keke na Sifaniya, ya san sunan Covadonga. Wanda ya karanta tarihin Andalus shi ma ya san sunan. Amma da wuya mutanen nan biyu su gane cewa wuri ɗaya suke nufi. Ni ina cikin duka biyun, shi ya sa na karɓi keken haya na je na hau titin da kaina. Ku biyo ni, zaren da ɗan tsawo.

2/ Wurin yana Asturias, can arewacin Sifaniya, bakin Tekun Atlantika. Ku cire hoton Sifaniya mai rana da ƙura daga ranku. Nan ruwan sama ne, hazo, ciyawa kore shar, shanu da ƙararrawa a wuya. Duwatsun Picos de Europa sun taso dab da gaɓar teku, kuma a samansu akwai tafkuna biyu, Enol da Ercina, sama da mita 1,000 daga doron teku.

3/ Masu keke kan taso daga garin Cangas de Onís, wasu su fara zagayawa ta ɓangaren teku su haye tudun Fitu, sannan su juyo. Hawan gaske yana farawa ne daga gindin cocin Covadonga: kusan kilomita 12 da rabi, kuma a kowace mita 100 kana tashi sama wajen mita 7. A rubuce kamar wasa. A ƙafa ba wasa ba ne.

4/ Kafin ka fara hawa, za ka ga kogo a jikin dutse, ruwa na zubowa ta ƙarƙashinsa. A nan labarin ya fara. Ɗariƙu bin Ziyad ya ƙetaro a 711, cikin 'yan shekaru kusan duk ƙasar ta shiga hannun Umayyawa. Sai wani mai suna Pelayo ya yi tawaye a waɗannan duwatsu, aka yi arangama kusa da kogon. Wasu sun ce a 718 ne, wasu 722.

5/ Yanzu ku ji yadda kowa ya ba da nasa. Tarihin da aka rubuta a fadar Sarki Alfonso na 3, sama da shekara 150 bayan abin ya faru, ya ce rundunar Musulmi ta kai mutum 187,000, kuma duwatsun da suka harba sun riƙa juyowa kansu. Na tsaya a kwarin nan na duba. Wallahi ko taron ɗaurin auren ɗan sarki sai an yi cunkoso, balle dakaru dubu ɗari da tamanin da bakwai.

6/ Marubutan Larabci kuwa, kamar yadda al-Maƙƙari ya tattara a Nafhuɗ Ɗib a ƙarni na 17, sun ce wasu tsirarun mutane ne aka tsare a kan dutse, yunwa ta ci su har suka ragu zuwa maza talatin da mata goma, suna rayuwa da zumar da ke cikin tsagar dutse. Sai aka ga ba su kai a ɓata lokaci a kansu ba, aka juya aka tafi.

7/ Na taso ina son labari na biyu, don namu ne. Amma gaskiya ɗaya ce: idan na farko ya zuzuta, na biyu ya raina, kuma rainin ya yi tsada. Daga waɗannan tsirarun aka kafa masarautar Asturias, hedikwatarta ta farko Cangas de Onís, garin da na sha kofi da safe. Marubutan Andalus na baya da kansu sun rubuta labarin cikin nadama.

8/ Mafi yawan masana yau suna ganin ƙaramin faɗa ne, daga baya aka ɗora masa nauyin zama mafarin “sake ƙwato” Sifaniya, wanda ya ƙare da faɗuwar Garnaɗa a 1492. An kammala babban cocin da ke wurin a 1901. A 1918, don cikar shekara 1,200 da yaƙin, aka mai da duwatsun gandun ƙasa na farko a Sifaniya. Kuma abin bai mutu ba: a 2019 jam'iyyar Vox, mai tsananin adawa da baƙin haure, daga nan ta buɗe kamfen ɗinta.

9/ To na bar kogon na fara taka feda. Kilomitocin farko cikin daji ne, inuwa, sanyi, har na fara jin kaina wani gwani.

10/ Akwai wani babi da ba a cika faɗa ba. Kusa da tafkin Ercina akwai ramukan haƙar ma'adinai na Buferrera. Daga ƙarshen ƙarni na 19 wani kamfanin Ingila ya riƙa haƙo ƙarfe da manganis a nan, ana sauko da shi ta igiyar sama, a kai shi tashar jirgin ruwa ta Ribadesella. Wato ana kiran dutsen mai tsarki, an ce gandun ƙasa ne, amma ana ta rarake cikinsa. Sai a shekarun 1970 aka rufe.

11/ Keke ya zo ne a 1983. A lokacin Vuelta na jin jiki, ana mata kallon ƙaramar ƙanwar Tour na Faransa da Giro na Italiya, jaridar da ta daɗe tana shirya ta ma ta janye a 1979. Sababbin masu shiryawa suna neman dutsen da za a riƙa tunawa. A shekarar ce kuma aka fara nuna tseren kai tsaye a talabijin.

12/ Marino Lejarreta ne ya fara isa saman a ranar. Bernard Hinault, Bafaranshen da ake tsoro, ya sha wuya a wannan tsere, amma a ƙarshe shi ya lashe, ya koma gida da ciwon gwiwar da ya hana shi shiga Tour na shekarar. 'Yan jarida suka yi wasa da sunan Enol, wanda a baki yake kama da Hinault, suka riƙa cewa tafkunan Hinault. Rana ɗaya a talabijin ta yi wa titin suna a duniya.

13/ Wanda ya fi burge ni shi ne Lucho Herrera, ɗan Kolombiya, siriri, ana masa laƙabi da ƙaramin mai lambu. Ya ci Covadonga a 1987, ya lashe Vuelta ɗin gaba ɗaya, ya zama ɗan Kudancin Amurka na farko da ya ci ɗaya daga manyan tsere uku na Turai. A 2016 ɗan ƙasarsu Nairo Quintana ya maimaita duka biyun. Da nake kallon Biniam Girmay na Eritiriya yana cin matakai a Tour na 2024, Herrera ne ya faɗo mini a rai.

14/ Sai na iso La Huesera, ma'ana wurin ƙasusuwa. Kusan mita 800 ne, titin miƙe sambal, ba kwana, ba bishiya, tsaurin ya kai kashi 15 cikin ɗari. Kana ganin ƙarshensa, amma ba ya matsowa. Na sa giya mafi sauƙi, na tashi tsaye, na zauna, na yi ta hailala. A tsakiya na sauke ƙafa. Wani dattijo da ya yi jika da ni ya wuce ni a hankali yana ce mini “venga”, wato taso mu je. Kunya ce ta mai da ni kan sirdi, ba ƙarfi ba.

15/ Ga mai niyyar zuwa: a lokacin zafi da ranakun hutu ana hana motocin mutane hawa, sai bas-bas, amma keke yana wucewa. Ku kiyayi bas ɗin a kwana, ku kiyayi kashin shanu a gangara, ku riƙe rigar sanyi ko da rana ta fito a ƙasa.

16/ Da na kai Enol hazo ya rufe komai, ban ga tafkin ba sai bayan wajen minti ashirin. Azahar ta yi. Na yi alwala da ruwan gorata, na shimfiɗa rigar ruwa a kan ciyawa, na duba alƙibla a waya. Wata saniya ta tsaya a gefe tana tuƙa, tana kallona har na sallame.