Rigimar Keeladi: Rahoton da Aka Mayar wa Mai Shi

A watan Mayun 2025 hukumar binciken kayan tarihi ta Indiya, ASI, ta mayar wa jami'inta Amarnath Ramakrishna rahotonsa na tonon Keeladi mai shafi 982, ta ce ya gyara. Ya ƙi. Ba a jima ba aka sake yi masa canjin wurin aiki, jihar Tamil Nadu kuwa ta ɗauki zafi.

Abin da ake jayayya a kai wata gonar kwakwa ce a ƙauyen Keeladi da ke wannan jiha, kusa da birnin Madurai, a gaɓar kogin Vaigai. Nan Ramakrishna ya soma tono a 2015, sai ga katangu na jan bulo, da magudanan ruwa, da rijiyoyin da aka ɗaure da zobban gasasshen yumɓu. Aka samu kayan kaɗi da saƙa, da duwatsun ado, da gwal, da ƴaƴan wasa na hauren giwa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne tsingaron tukwane masu rubutun Tamil-Brahmi, inda aka karce sunayen mutane irin su Aathan. Wanda yake rubuta sunansa a tukunyarsa ya san karatu, kuma maƙwabcinsa ma ya sani, in ba haka ba don wa ya rubuta?

An daɗe ana ɗaukar biranen da tsoffin waƙoƙin Tamil da ake kira Sangam suka siffanta a matsayin zuguguwar mawaƙa, ana kuma cewa birni da rubutu daga kwarin Ganga na arewa suka gangaro kudu. Keeladi ta girgiza wannan zance.

A 2017 aka tura Ramakrishna jihar Assam. Magajinsa, P.S. Sriraman, ya ce bai ga ci gaban gine-ginen ba. Magana ta kai kotu, gwamnatin Tamil Nadu ta karɓi aikin, kuma a 2019 ta bayyana cewa gwajin da aka yi a Amurka ya nuna wani gawayi da aka tono a Keeladi ya kai shekara ta 580 kafin Miladiyya.

Hujjar ASI ita ce ƙarni na 8 kafin Miladiyya da Ramakrishna ya ambata a matsayin farkon zama a Keeladi yana buƙatar ƙarin shaida. Tambaya ce mai ma'ana, kuma masu gaggawar haɗa Keeladi da wayewar kwarin Indus sun wuce abin da ƙasa ta nuna. Amma rahoton tun Janairun 2023 yake hannun hukumar. Fiye da shekara biyu ta yi shiru kafin ta nemi gyara. A ganina kamata ya yi a buga shi yadda mai tonon ya rubuta, masana su yi ta sukarsa a fili.