2.3 Yadda Likitoci Suka Raba Gigin Tsufa da Tsufa (1881–2001)

A al'adar Bahaushe, idan dattijo ya fara manta sunayen 'ya'yansa, ko ya ci abinci ya ce ba a ba shi ba, akan ce ya ruɗe, ko kuwa gigin tsufa ya kama shi. Ba a ɗaukar wannan a matsayin cuta, domin ana ganin hanya ce da duk mai yawan rai zai bi. Malamai ma sukan kafa hujja da aya ta 70 a Suratun Nahli da aya ta 5 a Suratul Hajji, inda aka ambaci shekarun da sanin mutum kan kuɓuce masa. Abin da wannan sashe zai nuna shi ne, su ma likitocin Turai sun daɗe a kan irin wannan fahimta kafin su bar ta.

A shekarar 1881 wani masani ɗan ƙasar Faransa mai suna Théodule Ribot ya bayyana cewa mantuwa tana da tsari, wato sabon abu ne yake fara ɓacewa, tsohon kuma ya daɗe. Duk wanda ya taɓa neman tarihi a bakin tsofaffi ya san haka. Dattijo zai kawo labarin ƙuruciyarsa tiryan-tiryan, amma ya kasa tuna baƙon da ya gaishe shi da safe.

Bayan shekara 20, wato a 1901, aka kai wata mata mai suna Auguste Deter asibitin masu taɓin hankali na birnin Frankfurt a ƙasar Jamus. Shekarunta 51 kacal, amma ta kasa rubuta sunanta har ƙarshe, ga zargin mijinta da take yi ba dalili. Likita Alois Alzheimer ne ya duba ta. Da ta rasu a 1906 sai ya binciki ƙwaƙwalwarta, ya tarar ta motse, da wasu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyinta da wasu zare-zare a cikinsu. A 1910 Emil Kraepelin ya raɗa wa cutar sunan Alzheimer. To amma a nan gizo yake saƙar. Tun da matar ba ta tsufa ba, sai aka ɗauka cutar ta masu matsakaicin shekaru ce, kuma ba kasafai ake samun ta ba. Shi kuwa ɗan shekara 80 da ya ruɗe, aka ci gaba da cewa tsufa ne, ko kuma jijiyoyin jininsa ne suka ƙandare. An shafe kusan shekara 60 a haka.

A 1961 Leslie Kiloh ya ja hankali cewa matsananciyar damuwa kan sa tsoho ya yi kama da wanda ya ruɗe, alhali idan aka yi masa magani hankalinsa yakan dawo. A ra'ayin mai wannan bincike, wannan batu ya fi kowane muhimmanci ga iyali, domin da zarar an ce “tsufa ne” an rufe maganar asibiti, wani lokacin ma tsohuwar da ke fita da dare tana sambatu maita ake jifan ta da ita. A 1968 Blessed da Tomlinson da Roth, a birnin Newcastle na Ingila, suka nuna cewa yawan dunƙulen nan a ƙwaƙwalwar tsofaffi yana tafiya ne da tsananin ruɗewarsu kafin rasuwa. Daga nan Robert Katzman na Amurka ya fito a 1976 ya ce cutar Alzheimer da galibin gigin tsufa abu guda ne.

Nijeriya ta shigo wannan tarihi a 1992, lokacin da Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan da Hugh Hendrie na Jami'ar Indiana suka fara kwatanta Yarbawan unguwar Idikan ta Ibadan da baƙaƙen fatar birnin Indianapolis, duk masu shekara 65 zuwa sama. Sakamakon 1995 ya nuna kashi 2.29 cikin ɗari a Ibadan, da kashi 8.24 a Indianapolis. Na 2001, wanda ya ƙirga sababbin kamuwa a kowace shekara, ya nuna kashi 1.35 da kashi 3.24. Da tsufa kaɗai ne sanadi, da ba a sami wannan rata ba tsakanin mutane masu shekaru iri ɗaya. Masu binciken sun lura cewa hawan jini da ciwon suga sun fi yawa a Indianapolis. Sai dai ya kamata a kula, waɗannan alƙaluma na Yarbawan yanki ɗaya ne na birni ɗaya, ba daidai ba ne a ɗora su kai tsaye a kan tsofaffin Kano ko na Damagaram.