Takardar da ke Gindin Rauta

Juya rautarka ka duba gindinta. 'Yar takardar nan da aka liƙa, mai ɗauke da sunan Wi-Fi da doguwar kalmar sirri, wuya ce ta haife ta.

Makullin Wi-Fi na farko, WEP, ya zo a 1997. Bai yi ƙarko ba: a 2001 masana uku, Fluhrer, Mantin da Shamir, suka nuna yadda ake ɓalle shi. WPA ya biyo baya a 2003, WPA2 a 2004. Amma ni abin da ya fi ba ni haushi shi ne ƙofar saiti. Shekara da shekaru kamfanoni na sayar da na'urori da suna "admin", kalmar sirri ma "admin". Na sha shiga shafin saitin rauta na 192.168.1.1 a gidajen 'yan'uwa da haka, na tarar wayoyin maƙwabta jere suna shan data.

A 2016 manhajar ɓarna ta Mirai ta kwashe dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci da irin waɗannan kalmomin sirri kusan 60 kacal, ta kai hari da su har Twitter ya tsaya a sassan Amurka. Sai Afrilun 2024 Birtaniya ta haramta sayar da na'ura da irin wannan makullin kowa-da-kowa.