Makamashin Girki da Haske a Karkarar Arewacin Kano: Yadda Magabata Suka Bi da Tsada

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan babu abin da magidanta ke kuka da shi bayan tsadar abinci kamar tsadar abin da za a dafa shi. Manufata a wannan maƙala ita ce in waiwayi tarihin makamashin gida a ƙauyukan arewacin Kano, wato yankunan Ungogo, Minjibir, Dawakin Tofa, Bichi, Makoɗa da Dambatta, inda gona ke manne da gona, babu wani dajin kirki da za a shiga a yi itace. Abin da na fahimta shi ne, duk lokacin da makamashin saye ya yi tsada, abin da ke ceton gida shi ne bishiyar da manomi ya bari a gonarsa.

Kafin Zuwan Kananzir

A da, gidan manomi bai san sayen makamashi ba sai kaɗan. Bayan girbi akan tara karan dawa da na gero a jingine, wanda ba a yi danni ko zana da shi ba ya shiga murhu. Yara kan tono tushiya, su tsinto ƙirare da kandilo. Itace mai nauyi kuwa, irin na tuwon taro ko na jego, daga bishiyoyin gona ake samo shi: marke, kanya, tsamiya, gawo da ɗorawa. Ba a cika kayar da bishiya mai rai ba. Rassa ake datsewa, a bar uwar ta sake tofo, bayan 'yan shekaru a koma mata. Dare kuma aci-balbal ce ke haska shi, da man gyaɗa ko man kaɗanya.

Wannan tsari yana da ƙa'ida. Bishiyar gona tana da mai ita, ana gadonta, kuma ba mai hawa ɗorawar wani ba da izini ba. A zamanin En'e ma'aikatan daji sun ƙara da tasu dokar, ta hana sare wasu bishiyoyi sai da takarda. Akwai kuma ciniki tsakanin birni da ƙauye: da rani jakuna kan shiga Kano da itace da kara, su komo da taki a mangala. Toka da sharar birni su koma gona, gona ta ba da hatsi da kara, a sake zagayowa.

Shaidar Masu Bincike

Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da kuma Jami'ar Bayero, ya fitar da nazari tare da J. Wilson a 1965 kan ƙasa da jama'ar wannan yanki mai cunkoso. Bayan farin 1972 zuwa 1974 an yi ta hasashen cewa buƙatar itace a birni za ta share bishiyoyin da ke kewaye da Kano. Sai dai binciken da shi da abokan aikinsa suka gudanar, wanda Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga a 1990, ya nuna akasin haka. Yawan bishiyoyi a gonakin da ke kusa da birni bai ragu ba, domin manoma na kare su. Itacen da birni ke ƙonawa ya koma zuwa a manyan motoci daga dazuzzuka masu nisa, inda bishiya ba ta da mai ita takamaimai. A ganina wannan shi ne babban darasin tarihin: inda mutane suka fi yawa, nan aka fi tattalin bishiya, saboda kowace tana da mai kishinta.

Zamanin Araha

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sannu a hankali kananzir da fitilar ƙwai suka shiga kasuwannin ƙauye. Amma risho bai yaɗu ba sai a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur suka shigo, gwamnati ta riƙa tallafa wa farashi. An kafa NEPA a 1972, matatar mai ta Kaduna ta fara aiki a 1980. Malaman makaranta da ma'aikatan ƙananan hukumomi su ne kan gaba wajen sayen risho, har ya zama yana cikin kayan ɗakin amarya. Duk da haka, a sanina, uwargida a ƙauye ba ta taɓa rushe murhunta ba. Risho na shayi ne da ɗumame, tuwon gida mai mutum goma sha biyar kuwa sai itace.

Zamanin Tsada

Daga 1986, da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin SAP, darajar naira ta faɗi, farashin mai ya fara hawa. A 1994 ma'aikatan mai suka yi dogon yajin aiki, kananzir ya yi wuya. A wannan zamani ne aka san murhun nan da jama'a suka laƙaba wa sunan Abaca, wanda maƙera ke yi da gwangwani, a cusa masa garin katako ko a zuba gawayi. An daɗe ana cewa farashin gwamnati na kananzir naira 50 ne kowace lita, ko da yake mutumin ƙauye ba a haka yake samu ba, har aka janye tallafinsa a 2016. Zuwa 2023 lita ta haura naira 1,000. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin fetur, farashi ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan mai girki da kara da fetur? Ruwansa da yawa. Da fetur ko gas injin niƙa ke aiki, da shi ake kawo itace da gawayi kasuwa, da shi mai cajin waya ke tayar da janareta. Haka kuma idan tukunyar gas da kananzir suka gagari mutanen birni, sai su koma gawayi, farashin itace ya tashi har a ƙauye.

Dabarun da gidaje suka koma kansu mafi yawansu tsofaffi ne. An rage yawan hura wuta, a yi tuwo da dare a ɗumama da safe. Ana jiƙa wake kafin a ɗora, ana kashe bakin wuta da ruwa a adana gawayin, ana ɗaure murhu da laka don kada iska ta cinye itace. Matan gida ɗaya kan haɗa girki a tukunya guda. Darbejiya, wadda baƙuwa ce da aka shigo da ita zamanin Turawa, ta zama abin dogaro saboda saurin tofonta. Sabon abu shi ne haske: tocila da fitilar sola sun kori fitilar ƙwai daga yawancin ɗakuna.

Kammalawa

Abin da nake tsoro shi ne kada tsada ta ci tsarin da ya cece mu. Gado na ƙara tsattsaga gonaki, filaye na cinye na kusa da birni, mai buƙata kuma na iya sayar wa masu faskare tsamiyar da kakansa ya bari don kuɗin magani ko na taki. Rassa kan dawo cikin shekaru kaɗan, amma tsamiyar da aka kayar sai jikoki su ga madadinta. Saboda haka ina kira ga malamai su sa ɗalibai su ƙidaya bishiyoyin gonakin gidajensu, su rubuta sunayensu da amfaninsu, su tambayi dattawa wanda ya raine su. Dattawa kuma su tsaya kan al'adar datse reshe a bar uwa, da barin tsiron da ya fito da kansa lokacin sharar gona. Farashin mai ba a hannunmu yake ba, amma bishiyar gona a hannunmu take, kuma Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Allah Ya sa mu dace.