AMFILIFAYA

amfilifaya (suna, mace, jam'i: amfilifayoyi, a Nijar an fi cewa ampili). Na'urar da ke ƙara wa sautin rediyon mota ƙarfi kafin ya isa lasifika, musamman babbar lasifikar da ke fitar da kaurin sauti, wato dumin da ake ji har cikin ƙirji.

Daga batirin mota mai bolt 12 take shan wuta, don haka tana son waya mai kauri, da fiyus kusa da batirin, da gajeruwar wayar ƙasa a ɗaure jikin ƙarfen da aka kankare fentinsa. Kaurin sauti ya fi fita idan an tace shi a wajen hez 80, lasifikar kuma tana cikin akwatin katako da ya dace da girmanta. Murɗa maɓallin ƙarfi har ƙarshe kuskure ne babba: sautin yakan dagule, lasifika ta ƙone.

A zafin bazarar garuruwan Nijar irin su Madawa, Buza da Keita, a ajiye ta inda iska ke ratsawa, a riƙa kakkaɓe mata ƙura, in ba haka ba takan ɗauke da kanta.

Misali: "Malam direba, amfilifayarka ta yi zafi, ka rage mata."