Sunayen da Ke Kan Allo da Sunayen da Ke Bakin Makaɗa

Jihar Zamfara, wadda gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanko daga Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoban 1996, majalisar dokokinta ta fara zama a Gusau a 1999 da kujeru 24. Biyar daga ciki na Anka da Gummi da Bukkuyum ne: Anka guda, sauran biyun bibbiyu. Duk wanda ya saba sauraron zaman majalisun jihohi ya san yadda karrama mutum ke gudana. Ɗan majalisa zai miƙe ya gabatar da ƙuduri, wani ya mara masa baya, a jero alheran mamaci, a yi masa addu'a, a tura tawagar ta'aziyya. Wannan ɗabi'a ce mai kyau, amma ƙuduri shawara ne kawai, ba ya ɗaure gwamna, kuma da an tashi zama yake komawa cikin fayil. Abin da majalisa ke da shi mai ɗorewa biyu ne, doka da kasafin kuɗi. Idan aka auna karramawa da waɗannan biyun, za a ga masu mulki sun kwashi kaso mafi tsoka, malamai da ma'aikata sun sami ɗan rabo, 'yan dambe da 'yan kokawa kuwa an bar su a hannun makaɗa.

Allunan da ke ƙofar manyan wurare sun isa shaida. Babban filin wasa na Gusau sunan Sardauna Ahmadu Bello yake ɗauke da shi, kuma akwai dalili, domin a Gusau ya zauna yana aikin mulki tun 1938. Asibitin ƙwararru na jihar na Yariman Bakura ne, kwalejin kimiyya da fasaha ta Talata Mafara ta Abdu Gusau ce. A maƙwabta ma haka zancen yake: filin wasan Kaduna na Ahmadu Bello, na Ƙofar Mata a Kano na Sani Abacha, na Katsina na Sarki Muhammadu Dikko, wanda shi aƙalla an san shi da dawaki da ƙwallon doki. A Kudu kuwa akwai filin Teslim Balogun a Legas, da na Dan Anyiam a Owerri, da na Stephen Keshi a Asaba, dukkansu mutanen da suka zubar da gumi a cikin fili. Ba wanda ke cewa a kankare sunan Sardauna. Abin lura kawai shi ne, a Arewa an saba ɗaukar filin wasa a matsayin gini na gwamnati da za a yi wa manya kyauta da shi.

Yammacin Zamfara, inda Anka da Gummi da Bukkuyum suke, ba baƙo ba ne ga karramawa, yana da tasa hanyar tun kafin a san majalisa. Bayan Gobirawa ƙarƙashin Babari sun ci Birnin Zamfara a wajajen shekarun 1760 suka kafa Alkalawa, gidan sarautar Zamfarawa ya yi ta ƙaura har ya tabbata a Anka, inda Sarkin Zamfara yake har yau, kuma shi ne shugaban majalisar sarakunan jihar. A wannan tsari rawani ne lambar yabo, kuma darajarsa ba ta faɗi ba, tunda a 2013 Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi ya bar kujerar Babban Jojin Abuja ya hau gadon sarautar Gummi. Fada ta san kowace sana'a da shugabanta, tana naɗa Sarkin Fawa da Sarkin Noma da Sarkin Makaɗa, ta haka ƙwararre talaka kan sami gurbi a bainar jama'a. Sai dai fada ba ta da baitulmali kamar da. Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuɗi da ikon gini suka koma hannun gwamnati, rawani ya rage ga sarki. Ko Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, ɗan Gummi da ya fi kowa shahara, Alƙalin Alƙalan Arewa daga 1962, mai fassarar Alƙur'ani zuwa Hausa, wanda ya karɓi lambar Sarki Faisal a 1987 ya rasu a 1992, abin da aka fi saurin tunawa da shi na karramawa shi ne babbar kasuwar Kaduna.

Dambe asalinsa wasan mahauta ne, lokacinsa kaka, sa'ad da hatsi ya shiga rumbu kuma aljihu ya yi nauyi. Ɗan dambe kan naɗe hannu guda da zare har ya yi tauri, ɗayan ya miƙa shi gaba yana karewa, a yi turmi uku, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi ke nan. Kalangu na tashi, maroƙi na zuga, kowa ya san ɓangarensa, Arewa ko Kudu ko Guramaɗa ko Jamus. Wasan yana da nasa tsarin adana tarihi, domin yaro kan fito da sunan maigidansa, a riƙa kiransa shagon wane, har jikan almajiri ya ɗauki sunan zuwa filayen Kano da Abuja. Sai kuma waƙa. Abin da ya sa sunan Shago da na Ɗandunawa suka tsallake zamaninsu shi ne Muhammadu Bawa Ɗan'anace ya waƙe su, rediyo da kaset suka yaɗa. To amma makaɗi ba ya waƙe kowa, kuma ba kowace waƙa aka naɗa ba. Gwarzon da ya gagari ƙauyukan gefen Gulbin Zamfara shekara goma, in bai haɗu da makaɗin da ya kai gidan rediyo ba, ranar da tsararsa na ƙarshe ya rasu ranar labarinsa ya ƙare.

Jamhuriyar Nijar ta nuna abin da hukuma ke iya yi. A 1975, zamanin Seyni Kountché, aka buɗe gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Yanzu jihohi 8 ne ke karɓar baƙuncin gasar bi da bi, kowace ta kawo 'yan kokawa 10, ana watsawa kai tsaye a rediyo da talabijin, zakara ya tafi da takobi da doki da kuɗi. Filin kokawar Maraɗi sunan Kantu gare shi, na Damagaram Langa-Langa, na Doso Salma Ɗan Rani. Za a ce wannan aikin gwamnatin soja ce ta tsakiya, ba na majalisar jiha ba. Haka ne, amma abin da ya raya gasar bayan Kountché ya rasu a 1987 shi ne an mayar da ita tsari mai ƙa'ida da kuɗinsa na shekara-shekara, wanda shi ne ainihin aikin 'yan majalisa.

Ƙorafi mafi nauyi a kan karrama 'yan dambe da 'yan kokawa na addini ne, kuma bai kamata a yi masa riƙon sakainar kashi ba a jihar da majalisarta ta zartar da dokar Shari'a, wadda ta fara aiki ranar 27 ga Janairun 2000. Fagen dambe ya daɗe da layu da guraye da caca, kuma malamai da yawa ba su yarda da dukan fuska ba. Kokawa tata da sauƙi, tunda labarin kokawar Annabi (SAW) da Rukana sananne ne a littattafan hadisi da sira. Sai dai rubuta tarihin mutum daban, halatta duk abin da ya aikata daban. Muna karanta yaƙoƙin Gobirawa da Zamfarawa a makaranta ba tare da mun yaba zubar da jini ba. Kuma wasan da hukuma ta kawar da kai daga gare shi ba ya mutuwa, komawa yake inda babu likita, babu mai duba abin da aka cusa cikin zare, babu mai hana caca. Dambe da kokawa da langa suna cikin wasannin da ake yi a bikin wasanni na ƙasa, da alƙalai da ƙa'idoji.

Wani kuma zai ce yankin da gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a 2010, a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, yankin da aka yi wa mummunan hari a Janairun 2022, ina shi ina zancen takobin kokawa? Tsaro ne a gaba, babu ja. Amma wannan halin shi ke sa jinkiri ya yi tsada. Da aka rufe kasuwannin mako aka katse layukan waya a 2021, taron da wasa ke rayuwa a kansa ne ya tsaya, kuma dattawan da suka san wa ya kashe wa a wace kaka sun watsu, wasu suna gudun hijira a garin Anka, wasu a Gusau. Naɗar bayanansu, tare da masu nazarin Hausa na jami'o'in Gusau da Sakkwato, ba za ta kai kuɗin motar ɗan majalisa guda ba. Raɗa wa tituna suna da kula da filayen jama'a kuwa, tsarin mulkin 1999 ya riga ya sa su cikin ayyukan ƙananan hukumomi, waɗanda dokar jiha ce ke tsara su. Kowane ɗaya daga wakilan nan biyar na Anka da Gummi da Bukkuyum yana da ikon kawo ƙudurin doka a kan wannan da kansa. Rinjaye kaɗan ya isa ya wuce, gwamna yana da kwana 30 ya sa hannu, in ya ƙi kuma mutum 16 cikin 24 sun isa su mayar da shi doka.